Harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna: yadda labarai suka same mu

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Waɗanda harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022 ya shafa, don Allah ku faɗi yadda kuka kwashe da kafafen labarai. Ƙanin mijina yana cikin jirgin. Kafin gari ya waye wani shafi ya sa hotonsa cikin mamata. Surukata ta yanke jiki ta faɗi, maƙwabta har sun fara shigowa gaisuwa, ashe yana asibiti da harbi a cinya. Har yau ba su cire hoton ba, balle ban haƙuri.

Ɗan Rigasa: Allah Ya ƙara masa lafiya, Hajiya. Ina tashar jirgin ƙasa ta Rigasa da ke Kaduna a daren. Mace tana kuka tana neman ɗanta, wani ya tura mata waya a fuska yana tambayar yadda take ji. Amma na ga wakilin wani gidan rediyo da ya aje aikinsa, ya zauna yana kira wa tsofaffi lambobin 'yan uwansu.

Yayar Abba: Ni ƙanina suka ɗauke. Abin da ya fi ƙona min rai bidiyon watan Yuli, wanda ake dukan waɗanda aka ɗauke da sanda. Maharan sun ɗauke shi ne don su karya mana zuciya, shafuka kuma suka yi ta yaɗa musu shi kyauta, fuskoki a buɗe. A wayar wani yaron unguwa 'ya'yan ƙanin nawa suka ga ubansu. Duk ranar da aka buga cewa wane ya biya miliyan kaza, sai gabanmu ya faɗi, don maharan ma suna bin labarai. Duk da haka, ba don 'yan jaridar da suka riƙa zuwa taron iyalai ba, da an manta da mu tun kafin a sako mutum 23 na ƙarshe ranar 5 ga Oktoba.

Mai Alƙalami: Yaya, ɗan jarida ne ni, kuma kin yi gaskiya. Gaggawar riga kowa bugawa ce ke kai mu. Tarar naira miliyan 5 da hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, ta ci Trust TV a watan Agustan 2022 kan shirin 'yan bindiga ba ta gyara wannan ba, tsoro kawai ta ƙara. A wurinmu yanzu ba ma buga sunan mamaci sai mun ji daga bakin danginsa.

Maman Ilham: Malam, idan wasu suka riga ku bugawa fa, editanku yana yarda ku jira?