Katana ko Blues Junior na hannu, wanne zan ɗauka?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekara uku ke nan ina kaɗa jita, blues da rock, mu huɗu ne har da mai ganguna. Tarukan ɗalibai muke yi a Samaru da Kongo, nan Zariya, mutum hamsin zuwa ɗari. Kullum aron amfilifaya (na'urar ƙara sautin jita) nake yi, na gaji da roƙo. Na tara dubu 350. Abu biyu ke gabana: Boss Katana mai wat 50, ko Fender Blues Junior na hannu, mai bawul (kwalaben gilashi masu ƙara sauti, irin na tsohuwar rediyo), wat 15, da wani ya yi min tayi. Wanda ya taɓa riƙe ɗaya daga ciki ya taimaka.

Mai Waya Shida: Wa alaikumus salam. Amfilifayar Marshall mai wat 100 kawai za ka nema, rock ba ya son ƙaramin abu.

Ɗan Samaru: Oga, a keke nake ɗaukar kaya fa, kuma ka ga kuɗin da na faɗa.

Tsohon Makaɗi: Ƙanena, kafin komai juya bayan Fender ɗin ka karanta abin da aka rubuta kusa da wayar wuta. In ka ga 120V, na kasuwar Amurka ne, mu kuwa wutarmu 230 ce. Ni abin da ya ci ni ke nan. Irinta na saya, sautinta kamar zuma. Na haɗa mata tiransifoma mai rage wuta. Ranar wata walima a Sabon Gari aka ɗauke wuta, aka tada janareta, cikin sauri wani yaro ya zare tiransifomar ya jona ta kai tsaye. Ban kai ga buɗe baki ba na ji ƙauri, hayaƙi na fita ta baya. Na kai wa wani mai gyara, ta yi wata bakwai a shagonsa, kullum "jibi, Alhaji". Da na karɓo, lasifikarta mai inci 12 an canza da wata ta rediyo. Har yau tana ƙarƙashin gado, in na gan ta raina ɓaci yake yi.

Gimbiyar Wusasa: Allah Ya mayar da alheri, Baba. Ni Katana nake amfani da ita a coci da wajen biki. Tana da makunnin rage ƙarfi: rabin wat, 25, 50. Rabin wat nake sawa a ɗaki da dare, maƙwabta ba sa ji. Dubu 280 na saya.

Kwangila Boy: 280? Yaushe? Watan jiya aka ce min 500 a Alaba, ban da kuɗin mota daga Legas.

Mai Waya Shida: A Kano wani ya ce min 400. Amma Katana ai kwamfuta ce, kwaikwayon bawul take yi. Wat 15 na bawul in aka buɗe shi yana tsayawa da mai ganguna.

Gimbiyar Wusasa: Ɗazu ka ce wat 100, yanzu 15. Malam, ka taɓa hawa dandali kuwa, ko a YouTube kake ji?

Mai Waya Shida: Hajiya, kunne ba ya bukatar dandali.

Kwangila Boy: Ka sayi gurmi ka huta, ba ruwansa da janareta 😂

Tsohon Makaɗi: Ku bar musu. Ku saurari makaɗan jita irin su Ali Farka Touré ko Bombino na Agadas, daɗin a yatsu yake. Amma mai gyaran nan, wallahi da na san haka…

Ɗan Samaru: Na duba, 120V ne, Baba. Mai shi ya ce zai haɗa min da tiransifoma kyauta. In ɗauka?

Kwangila Boy: Ko me ka saya, wa zai biya ka? Satin da ya wuce mun yi wasan awa uku a Tudun Wada, mai taron ya ba DJ kuɗinsa cif, mu aka miƙo mana shinkafa a leda da "za mu yi waya".

Gimbiyar Wusasa: Ni yanzu sai an ba ni rabi kafin in fito da jita daga gida.

Tsohon Makaɗi: Rabi? A zamaninmu ko kuɗin mota sai ka bi mutum har ƙofar gidansa. Kwangila, waye mai taron? Turo min ta akwatin sirri, kar ya kama wani.