Kafin a kai maganar saki gaban alƙali

A wata hira da muka yi a Katsina, kusan bakin kowa ya zo ɗaya: shari'ar aure tana cin lokaci, yau a ɗage, gobe shaida bai zo ba. Dattawan suka ce a koma ga Suratun Nisa'i, aya ta 35, a samo mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga na mata. Wata hajiya ta ƙara da cewa kada a ɗauko mai zafin kai, ko da kawu ne. Na yarda da ita.

In rabuwar ta tabbata, a rubuta komai gaban shaidu: ciyarwar idda, kayan ɗaki, riƙon yara, da abin da za a mayar wa miji in hul'i ne, wato rabuwar da mace ta nema. Amma inda akwai duka, suka ce kotu kai tsaye.