Sanyi da ruwan tafki a ƙarshen Agusta: ku da ke bakin Manyan Tafkuna biyar na Amurka da Kanada, yaya abin yake a wajenku?

Sabon ɗalibi, Buffalo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ban daɗe da sauka Buffalo ba, karatu ya kawo ni. Kafin in taso kowa ce mini yake Agusta zafi ake yi, kayan sanyi in bari sai Nuwamba. To ga shi watan bai ƙare ba, da asuba wayata na nuna digiri 11, ina alwala haƙorana na kaɗawa. Abin da ya fi ɗaure mini kai ruwan ne. Sai in fito daga gida ana tsuga shi, in hau bas, kafin in isa makaranta a Amherst ƙasa a bushe ƙamas, rana ƙwal. Haka garin yake ko bana ce ta zo da haka? Don Allah kowa ya faɗi yadda yake gani a wajensa.

Tsohon zama, Cleveland:
Wa alaikumus salam. Barka da zuwa ƙanena, tafkin Erie ne ya yi maka sannu da zuwa. Waɗanda suka ce maka ana zafi ba su yi ƙarya ba, a shekarar da ta zo daidai, zafin rana a Agusta yakan kai wajen digiri 26 a garinku. Amma wata shekarar iskar Kanada kan yi sammako ta gangaro tun kafin lokacinta, ta yi 'yan kwanaki ta wuce, zafi ya dawo. Mu nan muna ganin abin da ka faɗa ƙarara. In iska ta taso daga arewa maso yamma, wanda ke yammacin Cleveland sai ya shanya kayansa su bushe, wanda ke gabas wajen Chardon da Ashtabula kuwa ya wuni cikin jiƙa. Na zauna ɓangarorin biyu. Da muka koma gabas uwargida ta daina shanya a waje gaba ɗaya daga ƙarshen Agusta.

Mai karatun yanayi, Ann Arbor:
Bari in ɗan sa baki, tunda wannan shi muke ci muna kwana da shi a aji. Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin sakinsa. Duk tsawon bazara tafkin yana shan rana, sai a Agusta yake kai ƙarshen ɗuminsa. Erie shi ne mafi rashin zurfi cikin biyar ɗin, matsakaicin zurfinsa wajen mita 19 ne kacal, shi ya sa samansa kan kai digiri 23 ko 24. Tafkin Superior kuwa akwai inda ya zarce mita 400, ba ya ɗumi irin haka.

To in iska mai sanyi ta bi ta kan wannan ruwa mai ɗumi, sai ta kwashi danshi da zafi daga ƙasa, ta yi sama, ta zama gajimare, ta je ta juye a gaɓar da take fuskanta. Ma'aunin da masu hasashe ke dubawa shi ne tazarar digiri 13 tsakanin saman ruwan da iskar da ke wajen kilomita ɗaya da rabi a sama. Kenan in tafki na 23, iskar can sama ta sauko 10, an gama magana. A Agusta ba a cika samun haka ba, shi ya sa kowa ke mamaki in ya faru. Abu na biyu tsawon tafiyar iskar a kan ruwa. Erie ya kusa kilomita 390 a tsawo, kuma Buffalo na zaune daidai ƙarshensa na gabas. In iska ta bi tsawonsa daga kudu maso yamma, duk abin da ta tara a kanku za ta sauke. Gajimaren kuma siriri ne, dogon layi guda, shi ya sa unguwa ɗaya ke jiƙewa ta kusa da ita ko ɗigo. Ka lura kuma, a wannan lokaci ya fi ƙarfi da dare zuwa hantsi. In rana ta ɗumama ƙasa sai layin ya wargaje.

Hajiya, Shikago:
Ni dai sanyin na ji shi, har na zaro wa yara suwaita daga akwati, amma ruwan nan da kuke ta faɗa ban gan shi ba. Ga tafkin Michigan nan a gabanmu kullum. Ko namu tafkin rowa gare shi?

Mai karatun yanayi, Ann Arbor:
Hajiya ba rowa ba ce, wurin zama ne. Kuna gaɓar yamma, iskar kuma galibi daga yamma ko arewa maso yamma take zuwa, sai ta wuce ku tukun take hawa ruwan. Mutanen Muskegon da Holland da Grand Rapids, da ke gabashin tafkin, ke karɓar rabonku. In ta miƙe sak daga arewa kuma sai ta sauke wa arewa maso yammacin Indiyana. Sai ta juyo daga arewa maso gabas kafin ya same ku, wannan kuwa jefi-jefi ne.

Direban tirela, Erie:
Malam ya faɗi na littafi, ni bari in faɗi na titi. Hanyar I-90 daga Cleveland zuwa Buffalo ita ce gonata. Wannan ruwa ba ya yi maka sallama irin hadarin da ka sani, babu iskar gargaɗi, sau da yawa ko tsawa babu. Kana tafe titi a bushe, ka hango wani baƙin bango ya tsaya a gabanka, kana shiga waifa ta kasa. Ba ka daɗe ba ka fito ɗaya gefen, rana na dukan gilashi. Haɗarin yana bakin shigar ne, don na gabanka zai taka burki ba shiri, kai kuma da kaya a baya. Yanzu ina hango layin nan nake sassauta ƙafa, in ba da tazara, kowa ya yi ta hon ɗinsa.

Wata safiya kuma da na tsaya hutawa kusa da gaɓa, na ga guguwar ruwa da idona, siririya fara, ta sauko daga gindin gajimare tana juyawa a kan tafkin, ruwa na tashi a ƙasanta kamar ƙura. Ba ta hau tudu ba, can ta narke. Masu kamun kifi da ke wurin ko a jikinsu, sun ce daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba lokacinta ne, su dai ba sa fita da ƙaramin jirgi in an yi shelarta. Ni kuwa sai da na karanta duk addu'ar da na iya.

Maman yara, Grand Rapids:
Mu ne masu karɓar rabon Hajiya, mun gode. Ni lambuna ya fi damuna. Na shuka tumatir da kuɓewa da yakuwa a bayan gida. Kuɓewa ba ta son daren sanyi ko kaɗan, tsayawa take cak, furen ya zube. Tumatir kuma ya cika jiki amma ya ƙi nuna, wanda ya nuna ya tsage saboda yawan ruwa. Yakuwa ce kaɗai ta daure. Maƙwabciyata, wata dattijuwa haifaffiyar nan, ta ce in yi haƙuri, tafkin da ya jiƙa ni yanzu shi zai tsare mini sanyin da ke ƙona ganye a kaka, don ɗuminsa na jinkirta shi. Gaskiyarta kuwa, ai ba banza ba gonakin 'ya'yan itace suka jeru a wannan gaɓar har zuwa Traverse City. Satin nan dai abin ya tuna mini da marka a gida, yayyafi ba ƙaƙƙautawa, shanya ta ƙi bushewa, yara na ta mura.

Ɗan Toronto:
Mu muna gefen da ba a cika jiƙawa ba, na Barrie da ke kusa da Georgian Bay, wani sashe na tafkin Huron, su ke sha. Amma tafkin Ontario na da nasa halin. In iska ta yi kwanaki tana kaɗawa daga tudu, sai ta tura ruwan sama mai ɗumi can tsakiya, na ƙasa mai sanyi ya taso. Na kai yara bakin ruwa ana rana, ƙaramin ya tsoma ƙafa ya fito da ihu. Ga shi mai gidan haya ba zai kunna hita a Agusta ba ko za ka yi kuka, sai bargo da shayi.

Sabon ɗalibi, Buffalo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yaya na Cleveland, to ni da nake shirin canza gida in wata ya ƙare, wannan yana da wani tasiri? Na samu mai sauƙin kuɗi a wajen Hamburg.

Tsohon zama, Cleveland:
Yana da shi sosai, gara da ka tambaya. Layin da ke zuba maka ruwa yau, shi ne zai zuba maka dusar ƙanƙara in Nuwamba ta shigo, har sai tafkin ya daskare, in ma ya daskare, don wata shekarar ba ya yi. Hamburg da Orchard Park da Lackawanna, kudancin Buffalo kenan, nan ne hanyarsa. A Nuwamban 2014 akwai unguwannin kudu da gabashin garin da dusar ta kai mita biyu cikin 'yan kwanaki, na arewa kuwa ba su ga wani abin kirki ba. Ba wai arewa ta tsira ba ne, ta Disambar 2022 ta rufe garin da kewayensa har aka yi asarar rayuka sama da 40. Amma a yawancin shekaru kudu ta fi sha. Kai da ba ka da mota, makarantarka kuma na Amherst, nemi ɗaki a arewa, Amherst ɗin ko Tonawanda, ko da ya ɗan fi tsada. Rigar sanyi mai kauri da takalmin dusa kuma ka fara cigiyarsu a shagunan gwanjo tun yanzu, kafin sauran ɗalibai su farga.

Direban tirela, Erie:
Ka ƙara da lema mai ƙarfi, ta dala biyar ɗin nan iskar tafki juya ta take a fitar farko. In Juma'a ta same ni a Buffalo zan yi maka magana mu gaisa a masallaci.