Darajar wasan Densha de Go! a wurin masu tara tsofaffin wasanni

Bakin masu tara tsofaffin wasannin bidiyo ya zo ɗaya cewa faifan Densha de Go!, wasan tuƙa jirgin ƙasa da kamfanin Taito na Japan ya fitar a PlayStation a 1997, ba shi da tsada, domin an sayar da shi da yawa. Darajar tana ga na'urar tuƙinsa mai hannu biyu, ɗaya na ƙara gudu, ɗaya na birki, musamman idan tana cikin kwalinta na asali. Sun shawarci mai saye ya gwada hannayen kafin ya biya, ya kuma duba siririyar takardar da ke naɗe a gefen gidan faifan, da ake kira obi, wadda a ganina ita aka fi mantawa. Faifan Japan kuwa sai da PlayStation ta Japan yake aiki.