Muhawara a zauren zuri'a: sai an yi wa asusu ciko ake samun biza?

Nura: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Kun san ƙanwata Maryam za ta kammala digiri na biyu a Ingila, bikin yaye su a watan Yuli ne, kuma ni aka ce in wakilci gida. Na je wurin wani ejan, ya duba takardar bayanan asusuna ya ce da wannan ba za a ba ni bizar ziyara ba. Ya ce zai zuba min naira miliyan 15 a ciki, a ciro takarda, bayan mako guda ya janye abinsa in ba shi kashi 5 cikin ɗari. Zai kuma samo min wasiƙar wani kamfani cewa ni manaja ne a wurinsu. Na ce kafin in miƙa fasfona bari in ji ta bakinku.

Kawu Sabo: Wa alaikumus salam. Nura, ka ba shi. Haka kowa ke yi. Bari in faɗa muku abin da ba ku son ji: ɗan kasuwa irinmu ba ya samun bizar Turai da gaskiyarsa. Sai an yi wa asusu ciko. Su kuɗi suke son gani, ka nuna musu kuɗi, ka je ka dawo, shi ke nan.

Yaya Bilki: Kawu, da girmanka, ban yarda ba. Ƙanina, kada ka kuskura. Aikin banki nake yi, takardun nan a gabana ake buga su. Mai duba takardarka ba layin ƙarshe kawai yake kallo ba, daga sama yake farawa. Zai ga wata biyar abin da ke shiga dubu 200 ne, dubu 350 ne, cinikin shadda da kuɗin POS, sai rana ɗaya miliyan 15 ta faɗo daga sunan wanda ba abokin cinikinka ba, ba ɗan'uwanka ba. Tambayar da zai yi ita ce daga ina kuɗin nan suka fito, kuma ba ka da amsa. Ingila ba ta sa wani adadi da ta ce sai kana da shi kafin a ba ka bizar ziyara ba. Abin da ake nema shi ne kuɗin su isa tafiyar, a san asalinsu, kuma su dace da rayuwarka.

Kawu Sabo: Bilkisu, ke 'yar albashi ce. Ƙarshen wata kuɗinki sun shigo da sunan ma'aikata, kina da takardar hutu, kina da katin aiki. Mu fa? A Kasuwar Gumi rabin cinikin yaron nan hannu da hannu ne. Mutum ya zo daga Birnin Gwari ko Saminaka da kuɗinsa a aljihu, ya ɗauki kaya, da yamma an juya kuɗin an saro wasu. Kayan da ke shagon Nura sun fi miliyan 15, amma wace takarda ce za ta nuna haka? Ciko ba ƙarya ba ne a wurina. Arzikin da yake da shi ne aka nuna ta hanyar da Bature zai gane.

Yakubu: Kawu, ni na bi wannan hanyar, bari in yi magana. Ejan ne ya cike min fom, ban ma karanta ba, hoton yatsu kawai na je Abuja aka ɗauka. Ashe ya haɗa da wasiƙar wani kamfani da ban taɓa taka ƙofarsa ba. Da amsa ta fito, ba hana ni kawai aka yi ba, an rubuta cewa na yi yaudara, kuma hukuncin yaudara a dokarsu haramcin shiga ne na shekara 10. Na koma wurinsa, ya ce ƙaddara ce. Sunana ne a takardar, yatsuna ne a kwamfutarsu, shi kuwa yana nan yana karɓar fasfon mutane. Yanzu duk fom ɗin da ya tambaya ko an taɓa hana ni bizar wata ƙasa, dole in ce e.

Kawu Sabo: Allah ya kiyaye gaba, Yakubu. Amma kai mugun ejan ka haɗu da shi. Shekara nawa ina zuwa Dubai da Sin? Duk ta hannun ejan. Umra ma wa ke zuwa ofishin jakadanci da kansa?

Dakta Hauwa: Yaya Sabo, a nan ne ake haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Bizar ziyara ta Dubai dama tsarinta ke nan, kamfanin jirgi ko otal ko kamfanin shirya tafiye-tafiye ne ke nema wa mutum. Aikin hajji ta jirgin yawo ma akwai kamfanonin da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta ba lasisi. Wannan hanya ce da hukuma ta sani. Ingila kuwa kai ne mai nema. Ana cike fom a intanet, a biya kuɗi, a je cibiyar karɓar takardu a Abuja ko Legas a ɗauki hoto da yatsu, sannan jami'in da ba ka taɓa gani ba ya yanke hukunci, yawanci cikin mako uku. Ma'aikatan cibiyar ma ba su da ta cewa, balle wani mai shago a Kaduna da ke cewa yana da mutum a ciki. Ba laifi wani ya taya ka cike fom idan Turancin ya yi maka nauyi, ka biya shi ladan aikinsa, amma ka zauna kusa da shi ya karanta maka kowane layi. Mai ƙirƙiro maka aikin da ba ka yi ba daban ne.

Malam Isa: Ku ba ni dama. Ana ta maganar ko za a kama ko ba za a kama ba, an bar ta halal da haram. Nura, mutumin nan zai ranta maka kuɗi ka mayar da ƙari. Kashi 5 na miliyan 15 naira dubu 750 ne, a kan bashin mako guda. Wannan riba ce, wato kuɗin ruwa, ko da wane suna aka kira ta. Na biyu, wasiƙar da za ta ce kai manaja ne alhali ba kai ba ne, shaidar zur ce, kuma za ka amince a ƙarshen fom cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Bai ware wanda ba Musulmi ba ya ce shi a yi masa.

Kawu Sabo: Malam, Allah ya gafarta. Ta ribar na ji, kuma ban lura da ita ba sai da ka faɗa. To ni zan ranta masa, ba ƙari ko sisi. Amma wa aka cuta? Yaron nan zai je ya ga ƙanwarsa ya dawo. Niyyarsa mai kyau ce.

Malam Isa: Alhaji, ba da rance alheri ne. Amma idan ya nuna kuɗin a matsayin nasa alhali ba nasa ba ne, ƙaryar tana nan. Kuma halartar bikin yaye ɗalibai ba larura ba ce da za ta halatta abin da aka hana.

Yaya Bilki: Kawu, ai ga mafita ka kawo da bakinka. Dokarsu ta yarda wani ya ɗauki nauyin tafiyar mutum, matuƙar akwai alaƙa ta gaskiya tsakaninsu. Maimakon ka zuba masa kuɗi a ɓoye, ka rubuta wasiƙa da sunanka cewa kai kawunsa ne, kai za ka biya tikiti da masauki, ka haɗa da bayanan asusunka da takardun kasuwancinka. Kuɗin dai su ne, amma yanzu suna da asali. Sannan Nura, wani abin da ejan bai gaya maka ba: masu wannan ciko sukan riƙe katin cirar kuɗinka ko lambobin sirrinka har su janye abinsu. Ba ka san inda miliyan 15 ɗin nan ta fito ba. In ta damfara ce, asusunka ta ratsa, kuma kai EFCC za ta nema.

Kawu Sabo: Na ji. Amma ku daina magana kamar duk mai gaskiya ana ba shi. Hauwa, ke da kanki kin san malaman jami'a da aka hana, da takardar gayyata da komai. A 2025 kuɗin bizar wata shida fam 127 ne. In fam yana naira 2,000, ya haura dubu 250, ban da kuɗin jirgin ƙasa daga Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja da sauran hidima. A hana ka, ba a mayar maka da ko kwabo, kuma ba inda za ka ɗaukaka ƙara. Amurka ma a Yulin 2025 ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya. Ƙofa kullum ƙara tsukewa take. Don me talaka ba zai nemi dabara ba?

Dakta Hauwa: Wannan kam gaskiyarka, Yaya, kuma yana ci min rai. A ƙasashen Turai masu bizar Shengen, fiye da kashi 40 cikin ɗari na buƙatun 'yan Najeriya aka ƙi a 2024, kowa kuma ya biya kuɗinsa, wanda ya koma yuro 90 tun Yunin shekarar. Ga inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin jinyar aƙalla yuro 30,000 da ake sa ka saya tun ba ka san matsayinka ba. Na ga abokan aiki da aka hana ba tare da wani dalili mai gamsarwa ba. Ban ce tsarin adalci ne ba. Abin da nake cewa shi ne hani iri biyu ne. Wanda aka ce bai gamsar da su cewa zai dawo ba, gobe ma yana iya gyara takardunsa ya sake nema. Wanda aka kama da takardar bogi ya rufe wa kansa ƙofa, kuma ba ta Ingila kaɗai ba, domin tana musayar bayanan yatsu da Amurka da Kanada da Ostareliya da Niyuzilan. Nura shekararsa nawa? Ko talatin bai kai ba. Wa ya san karatu ko jinya ko kasuwancin da zai buƙaci fita dominsa nan gaba?

Gwaggo Rabi: Ni ban san boko ba, jikata ce ke rubuta min. Amma ku tambayi kanku me ya sa ake zarginmu. Tun muna yara muke ganin masu zuwa Umra su ƙi dawowa su zama tukari. Yanzu kuma yara na tafiya ziyara su ɓace. Su ne suka ja wa na baya. Nura, in Allah ya sa ka samu, ranar da ka ce za ka dawo ka dawo. Kuma kada ka ja wa Maryam abin da zai taɓa zamanta a can.

Nura: In sha Allahu, Gwaggo. To Yaya Bilki, ni da me zan nuna kasuwancina? Shagon ma da sunan Kawu aka kama.

Yaya Bilki: Kana da lokaci. Ba a neman bizar sai ya rage wata uku a yi tafiya, wato Afrilu ke nan. Daga gobe duk cinikin da ka yi da tsabar kuɗi, ka kai banki kafin ka sake saro kaya, masu sari kuma ka biya su ta taransifa. Ka adana rasit na sari da littafin ciniki. In ba ka yi rajistar sunan kasuwanci da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ba, ka yi yanzu, za ta amfane ka ko ba maganar biza. Kawu ya rubuta cewa shagon da sunansa yake amma kai ke gudanar da shi, a haɗa da rasit na haya. Maryam ta turo takardar jami'a mai ɗauke da ranar bikin, da shaidar izinin zamanta. Takardar aurenka da ta haihuwar yaranka su ma su shiga, su ne ke nuna akwai abin da zai dawo da kai. Kuma ka nemi kwana goma ko mako biyu, kada ka rubuta wata biyar don an ce bizar ta wata shida ce. Mai shago da zai rufe shagonsa wata biyar, dole a yi shakkarsa.

Yakubu: Ka kuma duba ranar ƙarewar fasfonka tun yanzu. In sabuntawa za ka yi, sunanka da ranar haihuwa su zama iri ɗaya da na NIN, in ba haka ba nan ma za ka ɓata makonni.

Kawu Sabo: Wasiƙar zan rubuta, rasit na haya kuma yana wurina. Amma ban sauka daga maganata ba. Duk wannan da kuka lissafa, mai kawu da asusu mai nauyi ne zai iya. Ɗan kasuwar da ba shi da kowa fa, wanda shi ma ƙanwarsa ke can? Har yanzu ba wanda ya ba ni amsarsa.

Dakta Hauwa: Amsarsa ba mai daɗi ba ce, Yaya. Mai yiwuwa a hana shi ko da ya faɗi gaskiya. In kuɗin tikiti da masauki sun fi ƙarfin abin da yake samu, gara ya haƙura da wannan tafiyar ya jira wata, da ya ba ejan dubu 750 ya sayo haramcin shekara 10.

Kawu Sabo: Wato talaka ya zauna gida ke nan. Ai abin da na faɗa tun farko, ke dai kin sa masa wani suna. Nura, ka zo shago bayan la'asar da fasfonka da littafin ciniki, Bilkisu ki turo min yadda ake tsara wasiƙar. Katin bankinka kuma kada ka ba kowa.

Nura: To Kawu, zan zo. Ejan ɗin yana ta kira, zan ce masa na fasa.