Ruwan dare a barga: bokiti ɗaya ya isa doki ya kwana?

Abban Khalifa, Zariya:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu kiwon dawaki, musamman iyayenmu da suka daɗe a harkar, da likitocin dabbobi in akwai su a nan.

Dawaki biyu ne a hannuna, gadon mahaifinmu. Akwai ingarma akawal da muke hawan sallah da shi, sai wani bidi ɗan shekara uku da rabi da ƙanena yake fita kilisa da shi da yamma. Bargar irin ta gida ce, rumfar kwano, ƙasa yashi, kowanne da turkensa. Yaron da ke kula da su yana shayar da su da safe, da azahar, sai kuma in an dawo kilisa. Bayan magariba a ba su dusa da gero, a tara musu harawar wake da ta gyaɗa su kwana suna ci. Ruwa kuwa bokitin fenti ɗaya ake ajiye wa kowanne, mai cin lita 20.

Tun da hunturu ya kama hankalina bai kwanta ba. In na fito sallar asuba na leƙa, bokitin akawal a bushe yake ƙaf, wani lokacin ma a kife can gefe, yashin wurin duk ya jiƙe. Shi kuma bidin da kyar yake taɓa nasa, sai ka tarar da ruwan yadda aka bar shi, ƙura ta rufe samansa. Kashinsa ya koma ƙanana, busassu, masu tauri, kuma ya fara rage harawa. Kawuna ya ce tun farko ma ba a barin ruwa a gaban doki da dare. To ni dai dawakin nan amana ce aka bar mini, ba na son in cuce su. Lita nawa ya kamata doki ya samu daga magariba zuwa wayewar gari? Yaya ake hana shi kifar da bokiti? Maganar kawuna kuma tana da tushe?

Baba Mai Ragama, Katsina:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa albarka a abin da ya bari. Jikana ne ya karanta mini, shi yake rubuta abin da nake faɗa.

Kawunka bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya ba ka. Mu da muka tashi a barga, ba a barin ruwa a gindin turke, gaskiya ne. Sai dai a lokacin barga ba ta kwana ba mutum. Ɗan barga a nan yake shimfiɗa tabarmarsa. Bayan lisha, in an gama hira, ya ɗauko ruwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya har doki ya ɗaga kai da kansa. Kafin kiran assalatu ya sake bin su. In doki ya yi motsin da ba a saba ba da tsakar dare, a kunnensa. Abin da ya sa ba a barin ruwan, ingarma ba ya zama lafiya, zai bugi ƙwarya ko bokiti, ƙasa ta caɓe, ya kwana tsaye cikin laka da fitsari, kofato ya yi laushi ya fara wari. Igiya ma takan naɗe abin ruwan ta jawo rauni.

Yanzu wa yake kwana a bargarka? In yaronka yana tafiya gida bayan magariba, to ka bar musu ruwa, ba ka da wata hanya. Ka sami tsohuwar tayar mota ka zaunar da bokitin a cikinta, ko ka haƙa rami kaɗan ka binne gindinsa. Ka ajiye shi a inda igiya ta ƙare, ta gabansa, yadda zai miƙa wuya ya sha amma ƙafa ba za ta kai ba. Kada ka haɗa shi wuri ɗaya da harawa, don yana ci yana zubar da ganye a ciki, kafin tsakar dare ruwan ya yi tsami.

Shi kuma bidin, ka shinshina bokitinsa. Doki ya fi mu hanci nesa ba kusa ba. Ragowar warin fenti, ko sabulu, ko jarkar da aka taɓa zuba kananzir, duk zai ƙi sha ko ƙishi na cin sa. Ka wanke da toka da soso, ka ɗauraye sosai.

Dakta Ummu Sadiq, likitar dabbobi:

Sannu Malam Abban Khalifa. Baba, Allah ya ƙara girma, kun rage mini aiki. Bari in sa lissafi a kan abin da kuka faɗa.

Ƙa'idar da muke bi ita ce kimanin lita 5 a yini ga kowane kilo 100 na nauyin doki, in yana hutawa kuma gari ba zafi. Dawakinmu na gida galibi suna tsakanin kilo 300 zuwa 400, ka ga lita 15 zuwa 20 ke nan, kuma wannan shi ne mafi ƙaranci. Da zarar abincinsa ya koma busasshe, ko ana hawansa, sai ya kai lita 30 zuwa 40. Da bazara, dokin da ake sukuwa da shi yana iya wuce lita 50, domin doki a aiki mai tsanani cikin zafi yakan zubar da gumi sama da lita 10 a awa guda.

Ga inda dare ya shigo. Da damina, ɗanyar ciyawa kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, doki yana ci yana sha a lokaci ɗaya. Harawa da ingirici kuwa ruwan da ke cikinsu bai kai kashi 15 cikin ɗari ba. Kai kuma, kamar yawancin masu dawaki, da dare kake tara musu busasshen abinci mafi yawa, kuma daga magariba zuwa safiya wajen awa 12 ne. Doki ba ya kwana yana barci irin namu, kaɗan yake runtsawa, sauran daren tauna yake yi, kuma yawan shansa yana zuwa ne a lokacin cin abinci da jim kaɗan bayansa. Ka ɗauka mutum ne ya ci ƙuli-ƙuli ya ƙoshi, aka ce ya jira ruwa sai da safe.

Hatsarin da nake tsoro ga bidinka shi ne cushewar hanji. Tumbin doki ƙarami ne, lita 8 zuwa 15 kawai yake ɗauka, babban aikin narkar da harawa a babban hanji ake yin sa, kuma sai da ruwa mai yawa. Akwai wata kwana da hanjin yake lanƙwasa ya tsuke. In jiki ya rasa ruwa, daga hanjin yake janyowa, abincin ya bushe ya tsaya a wannan kwanar. Doki kuma ba ya iya amai. Busasshen kashi da rage cin abinci da ka ambata su ne alamun farko, don haka kada ka ɗauke su da wasa.

Yau ɗin nan ka gwada abu biyu. Ka tsunkuli fatar wuyansa kusa da kafaɗa ka saki, ya kamata ta koma nan take. Sannan ka ɗaga leɓensa ka taɓa dasashi: ya kamata ka ji shi da damshi da santsi, in ka danna ya yi fari, jan ya dawo kafin daƙiƙa biyu. In ka ga yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana tashi ko birgima, ko ya daina kashi, ka janye abinci ka kira likita a daren, kada ka jira gari ya waye. Kana Zariya, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da kai. Kuma don Allah kada a ɗura masa mai ko jiƙo ta baki da ƙarfi, yana iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu.

Me ya sa sai da hunturu? Iska a bushe take, tana zuƙe ruwan jiki, amma sanyi yana kashe ƙishirwa, ruwan da ya kwana a waje kuma ya yi sanyi ƙarara. An yi wani gwaji a Amurka a 1994, aka ga ƙananan dawaki a lokacin sanyi sun sha ruwa fiye da da, da kusan kashi 40 cikin ɗari, da aka riƙa ba su mai ɗumi. Sanyinsu ya fi namu, amma ni ma ina ganin bambancin a nan. A sirka masa da ruwan zafi ya yi ɗumi-ɗumi a shayarwar ƙarshe. Wani abu kuma, doki tsakanin shekara biyu da rabi zuwa huɗu da rabi yana famfarar haƙora, bakinsa yana iya yin tsami har ya guji ruwan sanyi da busasshen kara. A duba bakin nasa.

Amsar tambayarka a taƙaice: bokiti ɗaya bai isa ba. Biyu ga kowanne, a cike, kuma da safe ya kamata ka tarar da saura. Bokitin da ka samu a bushe ba ya gaya maka ƙarfe nawa ya ƙare.

Sani Mai Kilisa, Kaduna:

Yallaɓai, ni dawakin folo nake kula da su, bari in faɗi yadda muke yi. Ba ma ajiye bokiti a ƙasa. Ƙugiya muke kafawa a bango ko a jikin ginshiƙi, daidai ƙirjin doki, mu rataye biyu a kusurwa. Inda babu bango, rabin durom na roba ya fi bokiti, nauyinsa kaɗai ya hana a kifar da shi, amma a goge bakin da aka yanka kada ya yanke masa leɓe. Rabin durom na ƙarfe ba na so, tsatsa da kaifi.

Ka sa alama a cikin bokitin, layi-layi, kowane lita 5. Da safe yaronka ya duba ya faɗa maka nawa kowanne ya sha. Cikin 'yan kwanaki za ka san al'adar kowane doki, ranar da ɗaya ya rage sha kuwa za ka gane kafin ciwo ya fito fili. Shi ya sa ni ban damu da irin abin shan nan mai cika kansa da ake sawa a manyan barga ba. Sai da ruwan famfo mai ƙarfi, in ya ɗauke ba wanda ya sani, kuma ba ka ganin abin da doki ya sha.

Harawar dare mukan yayyafa mata ruwa kafin a zuba, ƙura ta kwanta, dusa kuma a dama ta da ruwa-ruwa. Kuma kowane doki da bokitinsa, ba a musanyawa, saboda ciwon majina da kumburin maƙogwaro a bokiti yake yawo. Ruwan jiya a zubar da shi nesa da barga, don damshi da kashi a gindin turke su ke tara sauro da ƙananan ƙwarin nan masu cizo da magariba.

Abban Khalifa, Zariya:

Allah ya saka da alheri, Baba, Dakta, Malam Sani. Na sa an wanke bokitan da toka, na samo tayoyi, kuma na roƙi ƙanena ya riƙa leƙa su bayan isha da ruwa mai ɗumi. Dasashin bidin yana da damshi amma fatar ta ɗan yi jinkirin komawa, gobe in sha Allah likita zai zo ya gan shi har da haƙoran. Saura tambaya ɗaya, Dakta. Mahaifinmu yakan jiƙa musu kanwa. In zuba ta a ruwan daren don su ƙara sha? Sannan in an dawo kilisa yana gumi, a bar shi ya sha ko a jira?

Dakta Ummu Sadiq, likitar dabbobi:

Kada ka zuba kanwa ko gishiri a ruwan da zai kwana da shi. In ɗanɗanon bai yi masa ba, ka hana shi ruwa gaba ɗaya ke nan, in kuma ya sha, ƙishi zai ƙaru ba shi da na kashe shi. In za ka ba da kanwa yadda kuka gada, kaɗan, da rana, a mazubi daban, ga ruwa zalla a gefe. Da yawanta tana sa zawo, shi kuma bidin a dakatar masa har likita ya gan shi. Abin da nake ba da shawara kullum shi ne gishirin girki, cokalin cin abinci ɗaya da safe, ɗaya da yamma, a cikin damammiyar dusa.

Na kilisa kuwa, a bar shi ya sha. Lokacin da ya tsaya ɗin nan ne ƙishirwarsa ta fi ƙarfi, in aka hana shi har ya huce, sau da yawa sai ya ƙi shan abin da jikinsa ke buƙata. A sauke sirdi, a cire linzami, a ba shi rabin bokiti, a zagaya da shi a hankali, a ƙara masa har ya ƙoshi. Hatsi ne za a jinkirta sai numfashinsa ya daidaita. Ka faɗa wa likitan da zai zo gobe yawan abin da bidin ya sha a daren yau, kuma a ajiye masa kashin safe ya gani.