Muhawara: Boris Johnson Ya Sayar da Kujerun Majalisa ko Rabawa Ya Yi?

Ɗan Tsangaya: Wallahi abin yana min ciwo in ji mutanenmu suna yabon tsohon firaministan Birtaniya Boris Johnson, wai gwarzon Yukiren. A zamaninsa ne fa aka rusa ma'aikatar tallafa wa ƙasashe ta DFID, aka cusa ta cikin ma'aikatar harkokin waje a Satumbar 2020. Sannan aka rage kuɗin tallafi daga kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5. Alƙawarin agajin da Birtaniya ke yi wa Yaman ya faɗo daga fam miliyan 164 zuwa 87 a 2021, mutane suna tsakiyar yunwa. A daidai lokacin kuma yana can yana sayar da kujerun Majalisar Lords, wato majalisar dattawan Birtaniya, ga 'yan gaban goshinsa. Duk wanda ya musa ya fito.

Baban Iman: Ga ni na fito, Malam. Sayarwa ka ce? Nawa aka saya, wa ya karɓi kuɗin, wace kotu ta tabbatar? Sayar da sarauta laifi ne a Birtaniya tun dokar 1925, wadda aka yi bayan abin kunyar zamanin firaminista Lloyd George. Mutum ɗaya tak dokar ta taɓa kamawa, Maundy Gregory, a 1933. Ka janye kalmar nan.

Hajiya Mai Lissafi: Baban Iman, a yi a hankali. Ga yadda ake naɗin. Firaminista ya rubuta sunaye, a miƙa wa hukumar tantance naɗe-naɗen majalisar, ita kuma ta bincika tarihin mutum ta fuskar haraji da tsaro da gudummawar da ya ba jam'iyya. Sai ta ba da shawara, firaminista ya kai sunan fada. To a nan gizo ke saƙar, don shawara ce kawai, hukumar ba ta da ikon hanawa. A Disambar 2020 ta ce ba ta goyon bayan Peter Cruddas, tsohon ma'ajin jam'iyyar Conservative da ya sauka a 2012 bayan wata jarida ta ɗana masa tarko. Johnson ya yi watsi da shawarar, kuma shi ne firaminista na farko da ya yi haka. Kwana uku da zaman Cruddas a kujera, a Fabrairun 2021, ya ba jam'iyyar fam 500,000.

Baban Iman: Hajiya, ai kin taimake ni. Kuɗin bayan naɗi suka zo, jam'iyya aka ba, ba aljihun Boris ba, kuma an bayyana su ga hukumar zaɓe kamar yadda doka ta ce. Gudummawa ce.

Na-Gidan Leba: Hahaha, wai bayan naɗi. Alhaji, a Kantin Kwari ma ana ɗaukar kaya yau a biya ranar Juma'a, ba wanda ya ce kyauta ce.

Baban Iman: Kai kuwa ina ruwanka da maganar tsarki? Tony Blair 'yan sanda suka yi wa tambayoyi yana kan kujerar firaminista a kan bashin da attajirai suka ba jam'iyyarsa ta Leba a ɓoye, wasunsu kuma sunayensu suka fito cikin jerin naɗi. Shekarar 2006 ke nan.

Na-Gidan Leba: Kuma a 2007 masu gabatar da ƙara suka ce ba wanda za a gurfanar. Ka ƙarasa zancen mana.

Baban Iman: Yauwa! Kenan idan ba a gurfanar ba, ba sayarwa. Mizanin da ka auna Blair, auna min Boris da shi.

Ɗan Tsangaya: Jama'a, maganar tallafi fa na kawo. Dokar 2015 ce ta ɗora kashi 0.7, minista Baroness Sugg har murabus ta yi saboda ragin.

Malam Tafinta: Ni dai "rabawa" zan ce, ba "sayarwa" ba, kuma a ganina rabawar ta fi muni, tunda mai saye aƙalla ya biya. Ƙaninsa Jo Johnson me ya biya? Evgeny Lebedev fa, mai jaridar Evening Standard, wanda mahaifinsa Alexander tsohon jami'in hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet ta KGB ne? A 2020 ya shiga majalisar da laƙabin da ya haɗa Hampton da Saiberiya. Jaridu sun ruwaito cewa jami'an tsaro sun nuna damuwa tun farko. Johnson ya musanta cewa ya sa baki, Lebedev ma ya ce shi ba barazana ba ne. Amma abu guda Johnson ya amsa da bakinsa gaban kwamitin majalisa a Yulin 2022. Ya gana da mahaifin a Italiya a Afrilun 2018, yana ministan harkokin waje, babu jami'i ko ɗaya tare da shi, makonni kaɗan bayan harin guba na garin Salisbury da Birtaniya ta ɗora wa Rasha alhakinsa. Ƙa'idar aiki ita ce minista ya tafi da sakatarensa mai rubuta abin da aka tattauna, in kuwa haɗuwar ba shiri, ya kai rahoto da ya dawo. In ba rubutu, ba mai iya tantance me aka ce.

Baban Iman: Mutumin da kuke so ku maƙala wa Rasha shi ya tura wa Yukiren makaman harbo tankoki na NLAW kusan 2,000 a Janairun 2022, tun kafin mamaya, lokacin Jamus tana maganar hular kwano. Ranar 9 ga Afrilu yana yawo a titunan Kiyef tare da Zelensky.

Hajiya Mai Lissafi: Wannan gaskiya ne, ba mai ƙwace masa. Amma a koma kan "rabawa". Kwangilolin kayan kariya na korona sun fi kujeru tsada. An buɗe layi na musamman ga kamfanonin da ministoci da 'yan majalisa da manyan jami'ai suka gabatar. Ofishin binciken kuɗin gwamnati ya ƙirga a Nuwambar 2020, kamfanoni 47 cikin 493 na wancan layin sun samu kwangila, a layin gama-gari kuwa 104 cikin kusan 15,000. Ɗaya cikin goma ke nan a can, a nan ko ɗaya cikin ɗari bai kai ba. A Janairun 2022 babbar kotu ta ce layin ya saɓa doka.

Baban Iman: Kotun ta kuma ce kamfanoni biyun da aka yi shari'ar a kansu da alama da sun samu kwangilar ko ba layin. Me ya sa kowa ke yanke zance a inda ya masa daɗi?

Ummu Sadiq: Ku kuna ta Lebedev. Mu abin da ba mu manta ba shi ne Disambar 2021, da aka jefa Najeriya cikin jan jerin hana shiga Birtaniya saboda nau'in korona na Omikron. Ƙasashe 11, dukansu na Afirka, alhali cutar ta riga ta bazu a Turai. Mazaunin Ingila da ya dawo daga Legas ko Abuja sai ya biya fam 2,285 na killacewa a otal. Ranar 6 aka sa, ranar 15 aka cire.

Na-Gidan Leba: Ga kuma shirin tura masu neman mafaka zuwa Ruwanda. Fam miliyan 120 kuɗin somin-taɓi a Afrilun 2022, jirgin farko bai ko tashi ba a watan Yuni.

Baban Iman: Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ce ta tsayar da jirgin. Ummu Sadiq kuma, da girmamawa, haushin biza daban, siyasar waje daban.

Ummu Sadiq: Alhaji, wa ya yi maganar biza? Ka karanta kafin ka amsa. Kuma hana ƙasa guda shiga in ba siyasar waje ba ce, mece ce?

Ɗan Tsangaya: Tallafin dai, don Allah. Ko mutum ɗaya.

Baban Iman: To ga amsarka. Firaminista Keir Starmer na Leba ya sanar a Fabrairun 2025 cewa zai mayar da shi 0.3 daga 2027, ministarsa Anneliese Dodds ta ajiye aiki. Na-Gidan Leba, ina ka shiga?

Na-Gidan Leba: Don a ƙara kuɗin tsaro aka yi. Wanda ya fara fasa dokar shi ya buɗe ƙofa.

Shugaban Zaure: Dare ya yi, bari in taƙaita. An kasa kawo hujjar sayarwa, don haka iƙirarin Malam Ɗan Tsangaya ya faɗi. An yarda cewa Johnson ya yi abin a yaba a Yukiren. An kuma nuna cewa Leba ta fi rage tallafi. Sauran ƙananan batutuwa, irin su kwangiloli da Italiya, ra'ayi ne kowa da nasa. Mun gode wa Alhaji Baban Iman da ya tsaya kan hujja.

Hajiya Mai Lissafi: Ranka ya daɗe, hukuncin babbar kotun ne ƙaramin batu, ko 47 cikin 493 ɗin ne ra'ayi?

Malam Tafinta: Kuma ni ban ce sayarwa ba tun farko. A gyara a rubuta rabawa.

Baban Iman: Rabawar ma ban yarda ba. Naɗi ne.